Ƙarar ƙeta: mai kai ta ya kamata ya ɗauki asara

A watan jiya na raka wani maƙwabcina kotu a nan Leeds, inda tsohon abokin kasuwancinsa ya maka shi kan wasu maƙudan kuɗi ba tare da takarda ko shaida ba. Ɗakin ƙarami ne mai kafet, alƙaliyar tana zaune bayan tebur cikin kwat, babu hular gashi, tana bin takardun da aka sa wa lamba shafi bayan shafi. Kafin azahar ta kori ƙarar, ta kuma umarci mai ƙara ya biya kuɗin lauyan maƙwabcina cikin kwana 14.

Ƙa'idar Ingila ke nan, wanda ya sha kaye shi ke ɗaukar mafi yawan ɗawainiyar shari'a. A 2016 kuma, a shari'ar Willers da Joyce, Kotun Ƙolin Birtaniya ta amince cewa wanda aka kai ƙara bisa ƙeta, ko da ba kan laifi ba ne, yana iya neman diyya. Na yarda lauyoyinsu suna da tsadar da kan sa talaka mai gaskiya ya ja da baya, amma maƙetaci ma yakan yi lissafi kafin ya taka kotu.

Mutumin Bauchi ba ya buƙatar a faɗa masa yadda rigimar bashi ke rikiɗewa ta zama "zamba da cin amana" a caji ofis. Abin takaicin shi ne mu ma a Najeriya muna da dokar. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don ya saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 35(6) na tsarin mulkin 1999 ya tanadi diyya da neman afuwa a fili ga wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, kuma a shari'ar Balogun da Amubikahun ta 1989 Kotun Ƙolinmu ta ɗora alhaki a kan wanda ya kitsa ƙarar, ko da 'yan sanda ne suka gurfanar.

Amma da kotu ta wanke wani kawu nawa daga irin wannan ƙara, bayan ya kwana a tsare har cinikin shagonsa ya mutu, dattawa ba su je gidan wanda ya yi masa ƙazafin ba. Gidanmu suka zo, suka ce ya bar wa Allah. Duk lokacin da na tayar da maganar diyya a waya, sai a ce Turai ta koya mini rigima, a kuma tambaye ni yaushe zan zo gida.