Dattijon da ke tafiya a bayan kowa

Asabar ɗin da ta wuce, ana yayyafin nan mai shiga ƙashi na Ingila, wani dattijo Bature sanye da riga ruwan lemo ya jera da ni har muka cinye kilomita 5. Aikinsa ke nan a ranar: ya kasance a bayan kowa, don kada wani ya ji shi ne na ƙarshe. Bai san ni ba, kuma ko sisi ba a biyansa.

Sunan taron parkrun, inda jama'a ke haɗuwa su yi gudu ko tafiyar ƙafa ta kilomita 5. Paul Sinton-Hewitt ne ya fara shi a 2004 a Bushy Park da ke Landan, da mutum 13 kacal. Yanzu duk Asabar da ƙarfe 9 na safe za ka tarar da jama'a cike da filayen shaƙatawa. Kyauta ne. Sau ɗaya za ka yi rajista a intanet, a ba ka lamba, in ka gama a duba ta, kafin azahar an aiko maka da lokacin da ka ɗauka. Ga uwa tana gudu tana tura keken jariri, ga mai kare riƙe da igiya, ga tsohuwa tana dogara sanda, ga masu aikin sa kai a kowace kwana suna tafi kamar ɗansu ne ke wucewa. In an tashi kuma sai a zarce shan shayi.

Haka mutanen Ingila suke yi da abinci. Yawancin kayan kanti suna da alamar ja, ruwan ɗorawa ko kore a gaban kwali, mai nuna yawan gishiri, sukari da kitse, ba sai ka yi dogon karatu ba. A Afrilun 2018 gwamnati ta ɗora haraji kan lemon da sukari ya yi wa yawa, kamfanoni da dama suka rage shi. Hukumar lafiyarsu ta NHS tana da manhajar waya da ke ɗaukar wanda bai taɓa gudu ba, cikin mako 9 ta kai shi gudun rabin awa.

Ban ce sun fi kowa lafiya ba. Ƙiba ta yi musu katutu, shagunan soye-soye kowane titi, da hunturu kuma ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi. Amma sun gano abin da mu muka ƙi ganowa: niyya ba ta daɗewa ita kaɗai. Minti 150 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a yi, kowa yana iya shi a makon farko. A mako na shida, sai in akwai mai jiranka.

Mu kuwa, 'yan'uwa, kun san halinmu. Mutum ya rage ci, a ce lafiya kuwa, ka rame. Ya fito gudu, a ce wa ya biyo ka. In mace ce ma ba a magana. Sai hawan jini ko ciwon suga ya kwantar da shi, a cika ɗaki da 'yan dubiya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mun fi su jama'a nesa ba kusa ba. Ni nan, ba don zuciyata kaɗai nake fita ba. Filin nan ne kawai wurin da in ban zo ba wani zai ce makon jiya bai gan ni ba. Sai da suka yi rajista da jadawalin 'yan sa kai kafin su sami abin da mu muke tashi mu tarar a ƙofar gida.

Yayana kuwa, likita ya ce masa ya riƙa tafiyar ƙafa kullum. Maƙwabtansa ba sa ƙirguwa, duk masu ƙaunarsa ne, kowa zai ba shi rance in ya nema. Amma da sauran duhu yake fita, shi kaɗai, ya dawo kafin gari ya waye don kada a gan shi a yi masa dariya. Watan jiya ya ce mini ya daina.