Ni Dai Har Yanzu Uku Na Sani

Duk wanda ya ji labarin daren jajibirin Kirsimeti na gidana daga bakin Injiniya, ya sani an zuba masa gishiri har ya wuce misali. Ga yadda aka yi, daga bakin wanda aka yi wa.

Surukaina ne suka zo mana hutu, Dattijo da Mama da shi Injiniyan, ƙanen Maman yara. Kowane dare muna addu'ar iyali a falo, kuma tun da Dattijo ya iso shi ke bi da mu, don mutumin da ya tsufa yana koyar da ajin baftisma ba a gabansa za ka buɗe Littafi Mai Tsarki kana gyaran murya ba. Sai ran 24 ga Disamba ya dube ni ya ce, "Ɗana, gidanka ne, yau kai za ka ja mu." Na ce to, Baba. A raina kuwa na ce yau za su san 'yarsu ba a banza ta faɗa ba.

Na san doguwar magana za ta sa yara gyangyaɗi, sai na shirya musu kacici-kacici a kan labarin haihuwar. A wane gari aka haifi Yesu? Baitalami. Wane sarki ne ya ba da umarni a ƙirga mutane? Babban yarona ya ce Kaisar Augustas. Dattijo ya gyaɗa kai, ni kuwa na ƙara miƙe ƙafa a kujera kamar ni na koya masa. Sai na jefa ta uku: masana taurarin da suka zo daga gabas, su nawa ne? Falo ya amsa baki ɗaya, uku! Na ce madalla, na buɗe baki zan wuce gaba, sai ga hannun Auta a sama.

Kun dai san Auta. Ta ce, "Baba, malamarmu ta makarantar Lahadi ta ce ba a faɗi ko su nawa ba ne."

Dariya na yi, irin ta manya, mai fitowa ta hanci. Na ce wataƙila ba ki ji malamar da kyau ba. Ta ce ta ji. A nan ne ya kamata wani ya ja rigata, amma ba wanda ya ja. Na miƙe tsaye, da ƙafafuna, na ɗauko Littafi Mai Tsarki nawa, babban nan mai zif, na ɗora mata a cinya. Na ce, "Buɗe Matiyu sura 2, ki karanta da ƙarfi kowa ya ji." Har da ƙarawa na ce a gidan nan ba ma gardama da baki, Littafi ne alƙali. Dattijo ya ce, "Haka ake so." Yanzu idan na tuna yadda ya faɗi wannan maganar, na tabbata ya san ramin da nake takawa, ya bar ni.

Yarinya ta ɗora yatsa ta fara. Aya ta 1, waɗansu masana taurari daga gabas sun iso Urushalima. Waɗansu kawai. Na ce ci gaba, yana gaba. Hirudus ya firgita, ya tara manyan firistoci da malaman Attaura, suka ce a Baitalami ta Yahudiya ne. Na ce ci gaba. Auta ba ta iya saurin karatu ba, kowace kalma sai ta tauna ta, ni kuma ina tsaye a tsakiyar falo, hannu a ƙugu, ina jiran lamba ɗaya tak ta fito. Aya ta 7, Hirudus ya kira su a asirce. Ya kira su, bai ƙirga su ba. Na fara jin zufa tana bin bayana. Da ta kai aya ta 11, inda suka buɗe kayansu suka miƙa zinariya da lubban da mur, sai na tafa hannu na ce, "To! Kun ji? Ɗaya, biyu, uku!"

Ta ɗago kai ta ce, "Baba, ai kyautai ne uku."

Na ce to wa zai kawo kyauta uku in ba mutum uku ba? Sai Maman yara, wadda tun ɗazu ba ta ce uffan ba, tana can tana ninke kayan da yara za su sa da safe, ta ce ba tare da ta ko dube ni ba, "In da kyauta ake ƙirga mutane, ai ni bana ba ni da miji."

A gaban iyayenta fa. Mama ta tura fuska cikin mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na ce a duba Luka, lalle a can yake. Dattijo ya ce a hankali, "Ɗana, Luka bai ambace su ba sam. Makiyaya ne a wajensa."

To, a nan Injiniya ya shigo, kuma dole in tsaya a kansa. Wannan yaron tun da ya zo bai taɓa zama addu'ar dare ta kai ƙarshe ba. Kullum sai an fara waƙa ya tuna ana kiransa a waya. Da aka ce ya rufe mana da addu'a wani dare, abin da ya faɗa bai kai tsawon atishawa ba. Shi ne ya karɓi fitilun adon Kirsimeti da na saya ya ce zai gyara, alhali ba abin da ya same su, yanzu rabi suna ƙiftawa rabi sun mutu, kuma ya ce wai haka ake yayi. Shi ne ya ɗauki cajata tun ranar da ya sauka, duk lokacin da na tambaya sai ya ce, "Yaya, saura kaɗan ta cika." Sunan Injiniya ma ban san wa ya raɗa masa ba, ni dai ban taɓa ganin abin da ya taɓa ya tashi ba. Amma daren nan, da ya ji ana yanka Yayansa, sai ga shi zaune daram a hannun kujera, ido ya buɗe, ya zama ɗalibin tauhidi.

Ya latsa waya, wadda ta sha caji da cajata, ya ce, "Yaya, ka san a wasu tsofaffin ikilisiyoyin gabas, irin na Suriya, su 12 ake cewa?" Na ce ban tambaye ka ba. Ya ce sunayen nan ma, Kasfar da Malkiyor da Baltazar, sai bayan ɗaruruwan shekaru aka sa musu. Na ce na gode. Ya ce kuma a Matiyu cikin gida suka sami yaron, ba a inda dabbobi suke ba, ga shi Hirudus ya sa a kashe yara maza daga shekara 2 zuwa ƙasa, ke nan mai yiwuwa ba a daren haihuwar suka iso ba. Na ce Injiniya, addu'a muke yi.

Da na zauna na yi shiru, da shi ke nan. Amma idona ya faɗa kan 'yan gumakan adon da yara suka jera a tebur, Yusufu da Maryamu da komin dabbobi, sai na ga hanyar fita. Na ce, "To mu bar wannan. Wace dabba Maryamu ta hau zuwa Baitalami?" Wannan karon ba wanda ya amsa. Shiru, sai ƙarar takarda, Auta tana neman Luka sura 2. Ba wanda ya aike ta. Ta karanta daga aya ta 1 zuwa ta 7, ƙirga, Kiriniyus mai mulkin Suriya, tafiya daga Nazarat, haihuwa, komi, rashin wuri a masauki. Jaki ko wutsiyarsa babu.

Na ce ku yi amfani da hankali mana. Mace da tsohon ciki, tafiyar sama da kilomita 100, a ƙafa za ta yi? Yusufu ba mugu ba ne. Har yanzu ina nan a kan wannan, kuma ba wanda ya ba ni amsa.

Sai Dattijo ya ɗaga hannu, na ce alhamdu, ceto ya zo. Ya ce kada a matsa wa ɗansa, jakin nan yana da asali. Ya ce tun a 1223 wani waliyyin Kirista, Faransis na Asisi, ya shirya komin dabbobi a wani ƙauye a Italiya da sa da jaki masu rai, don mutane su ga labarin da idonsu, kuma tun kafin shi masu bi suna haɗa dabbobin nan biyu da wata aya a Ishaya. Na ce, "Kun ji ko? Yana cikin Littafi!" Ya ce, "Jikata, buɗe Ishaya sura 1, aya ta 3."

Ta buɗe. Sa ya san mai shi, jaki ya san komin ubangijinsa. Na gyaɗa kai ina duban Injiniya. Ashe ayar ba ta ƙare ba. Yarinya ta ja numfashi ta ƙarasa, cewa amma mutanena ba su sani ba, ba su fahimta. Kuma da ta kai wurin, ta ɗago ta dube ni. Ban ce da gangan ta yi ba, yarinya ce, amma ni ta duba. Mama ta fita daga falon da gudu. Injiniya ya zame daga hannun kujera har ƙasa. Dattijo bai yi dariya ba, ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

Ni na rufe da addu'a, na roƙi Ubangiji ya ba 'ya'yanmu ladabi. Amin ɗin Injiniya har maƙwabta sun ji.

Da safe a coci yara suka yi wasan haihuwar Yesu. Masana taurari uku cif, da rawanin takarda, ga wani yaro da kunnuwan kwali yana rarrafe a matsayin jaki. Fasto yana zaune yana tafi, ba wanda ya ɗaga hannu ya ce a buɗe Matiyu. Na zunguri Maman yara na nuna mata, ta ce in yi shiru ana sujada. Ita malamar makarantar Lahadin ma da ita aka shirya wasan, na gan ta tana gyara wa na ukun rawani. Na so in yi mata magana bayan an tashi, amma mutane sun yi yawa a bakin ƙofa.

Surukai sun koma. Injiniya ya tafi da cajar. Na kira shi, ya ce a jakar Mama ta shige, zai aiko.