A bar wa John Tavares hakkinsa

Jama'a, mu 'yan tsirarun da ke hana ido barci don kallon wasan hoki na ƙanƙara na gasar NHL ta Amurka da Kanada, na gaji da jin ana cewa John Tavares ya ci kuɗin Toronto Maple Leafs a banza. Ban yarda ba, kuma ga dalilina.

A 2018 ya bar New York Islanders, ƙungiyar da ta ɗauke shi a matsayin na ɗaya a zaɓen matasa na 2009, ya koma Toronto kan kwantiragin shekara 7, dala miliyan 77, wato miliyan 11 duk shekara. Ɗan yankin ne, an haife shi a Mississauga, har ya saka hotonsa yana yaro kwance cikin zanen gado mai tambarin Leafs. Kakarsa ta farko ya ci ƙwallo 47. A lokacin babu wanda ya yi ƙorafin tsada.

Abin da ya ɓata lissafin ba daga wajensa ya fito ba. A NHL akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi, kuma shugabannin Toronto sun yi ciniki ne da zaton iyakar za ta riƙa hawa duk shekara. Sai korona ta zo, iyakar ta tsaya cak a miliyan 81.5 har kaka uku. Tavares da abokan wasansa Matthews da Marner da Nylander, su huɗu kawai, suka riƙe kusan rabin kuɗin. Sauran da ya rage ba ya isa a sayi masu tsaron baya na kirki. Wa ya tsara haka? Ofis ne. Ɗan wasa ya karɓi abin da aka miƙa masa, kuma wasu ƙungiyoyin ma a shirye suke su biya.

Masu suka suna cewa ai ba a ci kofi ba. Gaskiya ne, tun 1967 Toronto ke jira. Amma ku tuna 2021, wasan farko da Montreal a zagayen farko na wasannin neman kofi, Tavares ya faɗi gwiwar Corey Perry, ɗan wasan Montreal, ta same shi a ka, aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, filin ya yi tsit. Toronto ta kai 3 da 1 a jerin wasannin, ta zo ta zubar ba tare da shi ba. A 2023 kuma, ƙwallon da ya ci a ƙarin lokaci a gidan Tampa Bay ce ta sa suka tsallake zagayen farko, karon farko tun 2004. Ana manta wannan da sauri, abin yana ɓata mini rai.

Sannan halinsa. A 2024 ya sauka daga kyaftin ya miƙa wa Auston Matthews, babu ɓacin rai, babu tsegumi a jarida. Ya shiga kakar yana ɗan shekara 34 ya ci ƙwallo 38. Da kwantiragin ya ƙare a 2025, da ya fita kasuwa da ya samu fiye da haka nesa ba kusa ba, amma ya sa hannu kan shekara 4, kusan miliyan 4.4 a shekara. Ƙasa da rabin tsohon albashinsa ke nan, a daidai lokacin da iyakar ta hau miliyan 95.5.

Inda na ba masu suka gaskiya shi ne gudu. Tun asali ba mai sauri ba ne a kan ƙanƙara, shekaru kuma ba sa ƙara wa kowa ƙafa. Ƙarfinsa yana bakin raga, inda ake ture-ture da sanda, da kuma lokacin da alƙali ya jefa ƙwallo tsakanin mutum biyu, yawanci shi ke ɗauka. To a yi amfani da shi a nan. A rage masa mintuna, a haɗa shi da matasa masu gudu, idan ta kama a ɗauke shi daga tsakiya a mayar da shi gefe ko layi na uku (rukuni na uku na 'yan gaba) kafin 2029, lokacin da zai kai 38. Kuskuren da nake tsoro shi ne, tunda Marner ya tafi Vegas, a ɗora wa Tavares kayan da ya fi ƙarfinsa, in ya gaji a watan Mayu, lokacin wasannin neman kofi, a ce ai tsufa ne. Aikin ofis ne su nemo ɗan tsakiya na biyu tun yanzu, da kuɗin da shi da kansa ya rage musu.