Malamin da ke gudun lissafi, me zai ba ɗan aji huɗu?

Makon jiya na zauna a bencin baya ina kallon wani ɗalibin kwalejin ilimi mai neman NCE, takardar shaidar malanta, da aka turo mana gwajin koyarwa. Ya rubuta 1/2 + 1/3 a allo, ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, ya ce amsa 2/5. Yaran suka kwafe tsaf. Da aka tashi tara na ja shi gindin darbejiya na ce, "Malam, in ka auni rabin tiyar gero, ka ƙara sulusin tiya a kai, abin da ke cikin ƙwaryar zai kasa rabin tiya?" Ya yi jim. Can ya ce, "Wallahi Baba, tun sakandare ni da lissafi ba ma ga maciji. Shi ya sa ma na zaɓi sashen firamare."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, don yaron gaskiya ya faɗa, kuma irinsa suna da yawa. Sashen da ke shirya malamin firamare ya zama mafakar masu gudun lissafi da kimiyya, alhali shi ne mutum na farko da zai ɗora yaro a kan darussan nan biyu. A 2024 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a 140 ne, na kwalejin ilimi kuwa 100, cikin 400. Abin ya fi yi mini ciwo da yake a Katsina muke, inda aka kafa kwalejin horon malamai a 1921, ana tsamo haziƙan yara daga lardunan Arewa. Sardauna da Tafawa Ɓalewa daga nan suka fito, kuma dukansu alli suka fara riƙewa.

Abin da nake roƙon kwalejojinmu shi ne, kafin a sallami ɗalibi, a tsayar da shi ya bayyana dalilin kowace ƙa'ida da Hausa, da wani abu a hannunsa. Yarinyar da ke tallar gyaɗa a Ƙofar Marusa, ka ba ta dubu ɗaya ka sayi ta ɗari uku da hamsin, kafin ka ƙifta ido ta miƙo maka canjinka. Ita ce kuma za ta ci sifiri a ɗebewa, saboda an rufe mata abin da ta sani da Turancin da ba ta ji. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada wannan a Ife tun 1970: aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, har da lissafi da kimiyya, suka kuma fi waɗanda aka koyar da Turanci.

Kimiyya ma kullum sai a ce babu kayan gwaji. To randa fa? Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafin, na ciki ya yi sanyi. Da wannan Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Tsawon hasumiyar Gobarau ma ana iya gano shi da sanda da inuwa, ba sai an hau ba. Ɗalibin da bai taɓa yin irin wannan da hannunsa a shekara ukunsa na kwaleji ba, da me zai tsaya gaban yara, in ba karatun littafi da bulala ba?

Ranar Laraba ɗalibin nan mai gwajin koyarwa ya dawo da karan dawa, ya yanka shi gida shida daidai. Rabi guda uku, sulusi guda biyu. Kafin ya tambaya wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, biyar cikin shida ne, saura ɗaya ya cika." Na ga shi kansa ya tsaya yana kallon guntayen karan, don a ranar ya gane.