Jaridar kasuwanci da ke isowa Garwa bayan kasuwa ta tashi

Wata jaridar tattalin arziki da ake bugawa a kudu ta turo wa masu biyan kuɗin shekara a nan Arewacin Kamaru saƙo ta waya. Wai saboda tsadar sufuri, daga yanzu za a riƙa tara fitowar kwanaki a aiko ta ƙunshi ɗaya, wanda kuma ba zai iya jira ba ya karanta a wayarsa. Kuɗin shekara yana nan yadda yake, ko sefa ɗaya ba a rage ba. A ƙasan saƙon har da godiya bisa fahimtarmu, fahimtar da babu wanda ya tambaye mu ko muna da ita.

Wanda ya taɓa biyan wannan kuɗi a Garwa ko Marwa ya san ba sabon abu suka kawo ba, abin da aka daɗe ana yi mana ne aka rubuta a fili. A takarda an ce za a kawo maka har ƙofar shago ko ofis. A zahiri kai ne za ka ɗauki mai babur zuwa ajans ɗin motocin safa, ka tsaya a tagar karɓar saƙo tsakanin buhunan garin rogo da kwalayen kayan gyaran mota. Yaron da ke wurin ya riga ya gane fuskarka, tun daga nesa zai ce: “Alhaji, yau ma ba ta zo ba, sai dai ka leƙo jibi.” Ranar da ta zo kuwa, za ka tarar an ɗaure ta da tsinken roba, an rubuta sunanka a karkace a bangon farko, gefe ɗaya ya sha manja, ta Talata da ta Laraba suna ciki, ta Litinin ko sama ko ƙasa. Ka kira lambar da suka bayar, in an yi sa'a an ɗauka, amsar ɗaya ce: mun aika, je ka duba ajans. Ajans kuma su ce abin da aka ba su shi suka kawo.

Hujjar farko da ake kawowa ita ce nisa. To, mu yi lissafin nisan. Jarida tana fitowa da asuba a Yawunde. Jirgin ƙasa na Camrail yana tashi da yamma, ya kwana a hanya, ya wayi gari a Ngaundere bayan tafiyar kilomita sama da 600. Daga Ngaundere zuwa Garwa bai kai kilomita 300 ba, ko da gangaren dutsen da ke tsorata direbobi, mota tana shigowa kafin la'asar. Daga Garwa zuwa Marwa kilomita 200 da 'yan kai ne. Ke nan jaridar Litinin, in da niyya, tana hannun mai ita a Garwa ranar Talata, a Marwa kuma daren Talata ko safiyar Laraba. Ban ma sa jirgin sama a lissafi ba, wanda ba ya cin awa biyu tsakanin Yawunde da Garwa a ranakun da yake tashi. Nisa ya isa ya bayyana jinkirin kwana ɗaya. Sauran kwanakin ba hanya ce ta cinye su ba, teburin wani ne.

Ta wannan hanyar dai albasar Marwa take sauka kudu ba ta ruɓe ba, ta nan kayan Chadi suke hawowa daga tashar ruwan Duwala har gadar Ngeli a Kuseri. Uwa a Yawunde tana aiko wa ɗanta ɗalibi ƙunshin abinci ya same shi da ɗanɗanonsa. Takarda ce kaɗai, wadda ba ta ruɓewa kuma ba ta da nauyi, hanyar ta gagara.

Tsadar mai gaskiya ce, ba na musu. Litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa 840 a Fabrairun 2024. Gaskiya ne kuma tun da Messapresse, kamfanin da ya daɗe yana raba jaridu a ƙasar nan, ya janye hannu daga na cikin gida, kowace jarida ta koma neman hanyar kanta. Amma ɗan kasuwan da kaya suka yi masa tsada abu biyu yake yi: ko ya ƙara farashi ya faɗa maka, ko ya ce ba zai iya ba ya mayar maka da kuɗinka. Karɓar kuɗin shekara cif a watan Janairu sannan a canza sharaɗi a tsakiyar tafiya, wannan a babbar kasuwar Garwa yana da suna, kuma mai yin sa ba ya daɗewa da rumfa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganar da ba a rubuta a saƙon ba, amma duk wanda ya zauna da 'yan jaridar kudu ya ji ta: Arewa ba ta karatu, masu saye kaɗan ne, wahalar ba ta biya. Wace Arewar? Wadda ke da jami'a a Ngaundere tun 1993, da ta Marwa tun 2008, da ta Garwa tun 2022? Wadda hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton ke cikinta, da masana'antar siminti ta Figil, da rassan bankuna, da 'yan kwangila, da dillalan kwastan? Alhajin da ke sauke tirelolin shinkafa ko da bai iya Faransanci ba yana da akawu ko ɗa da ke karanta masa, kuma ya fi ma'aikacin ofis a Yawunde buƙatar sanin me dokar kasafin kuɗi ta canza. An kawo wa mutane jarida a makare shekara da shekaru har suka gaji suka daina biya, sai kuma aka ɗauki dainawar tasu aka mai da ita hujjar cewa dama ba sa karatu.

Ni a ganina ciwon ba a sufuri yake ba. Irin waɗannan jaridu ba da kuɗin mai karatu suke rayuwa ba, da tallan bankuna da kamfanonin waya da sanarwar ma'aikatu suke ci. Muddin kwafi ya isa teburin darakta a Yawunde da na manajan talla a Duwala kafin ƙarfe tara, aikin ranar ya kammala. Mai biya daga Gidar ko Yagwa ƙari ne, in ya samu to, in bai samu ba babu wanda albashinsa zai girgiza. Shi ya sa ko ta iso ɗin, buɗe ta ka gani: koko, tashar ruwan Kribi, takardun bashin gwamnati, taron ƙara wa juna sani a otal. Lokacin da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, ta kuma bar kasuwa ta yanke wa naira daraja a watan Yuni, a nan ne farashin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya, ya yi tsalle a bakin titi, a nan ne lissafin duk mai sayo kaya daga Mubi ya birkice. Sai ka yi ta juya shafi kafin ka ga wanda ya zo ya tambayi ɗan canji ɗaya. Farashin shanu a kasuwar Adumri, ko buhun gyaɗa a Ngong, kamar ba tattalin arzikin Kamaru ba ne. Jaridar da ba ta aiko wakili ya ɗauko labarinka ba, me zai sa ta damu ko ta iso hannunka?

Kuma labarin kasuwanci ba tatsuniya ba ne da za a ji ko yaushe. Sanarwar neman 'yan kwangila tana da ranar rufewa, tana buƙatar takardar haraji da lamunin banki waɗanda haɗa su kaɗai kan ci kwanaki. Wanda ya gani ranar Litinin a Yawunde ya riga wanda ya gani ranar Asabar a Marwa, ko da aikin gina aji ne a Mokolo. Haka harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka ɗora wa tura kuɗi ta waya a farkon 2022: mai shagon da ke juya kuɗi ta Orange Money da MoMo kullum ya cancanci ya karanta bayaninsa kafin a fara cira, ba bayan ya ga gibi ba.

Masu cewa zamani ya wuce takarda, kowa ya koma waya, su zo su gwada karanta jadawalin farashi a fuskar waya cikin zafin Afrilu, ruwan madatsar Lagdo mai ba da lantarki ya ja baya, wuta ta ɗauke tun safe. Balle ma kwafin da suke cewa mu biya mu karanta, tun da hantsi yake yawo kyauta a zaurukan WhatsApp.

Ba wani abu mai wuya ake nema ba. A sa mutum ɗaya a Garwa wanda aikinsa ke nan, mai suna da lambar da ake ɗauka. A duba yiwuwar turo shafukan ta intanet a buga su a nan. In duk wannan ya gagara, a lissafa fitowar da ba ta zo ba a mayar wa mutane kuɗinsu. Lambar da aka karɓi kuɗin da ita ba ta canza ba, kuma tura kuɗi daga Yawunde zuwa Garwa ba ya bi ta gangaren Ngaundere.