An karrama mai ƙirƙira, an buga hoton babban baƙo

An yi wani biki a Abuja, na kuma ga rahotanninsa. An ce taron karrama masu ƙirƙira ne a harkar lafiya, amma duk abin da ya fito labarin wanda ya zo ne da wanda ya yi jawabi. Babban baƙo ya ce kaza, shugaban kamfanin da ya ɗauki nauyi ya ce kaza. Yarinyar da ta ci kyautar kuwa gefen gyalenta kawai ya shiga hoto, sunanta yana can layin ƙarshe, shi ma ba a rubuta shi daidai ba. Abin da ta ƙera, yadda yake aiki, asibitin da aka gwada shi, ko jimla ɗaya babu. Wallahi raina ya ɓaci.

Masu zagin 'yan jarida kan wannan, ku daina barin jaki kuna dukan taiki. Abin da aka miƙa musu shi suka rubuta. Na ga takardar da masu shirya taron suka raba: Turanci zalla, rabinta sunayen 'yan kwamiti da muƙamansu, sauran godiya ga masu ba da kuɗi. Babu lambar wayar wadda ta yi nasara, babu bayanin abin da ta yi cikin harshen da mutum zai gane. An haɗa da ambulan na kuɗin mota, an sallami kowa. To me ɗan jarida zai rubuta?

Tun kafin bikin ma aka yi ɓarnar. A shafin intanet da LinkedIn aka sa sanarwar neman masu shiga gasar. Ungozomar da ke ƙaramin asibiti a bayan Gumel, wadda ta samo dabarar bibiyar masu ciki har gida don kada su tsallake awo, yaushe za ta gani? Malamin asibitin da ke gyara injin iskar numfashi da hannunsa saboda babu mai gyara a duk ƙaramar hukumar, wa ya gaya masa? Ba su ji ba, ba su nema ba, sai a dawo ana cewa Arewa ba ta ƙirƙira.

Ku tuna marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse. Tukunya cikin tukunya ya yi don sanyaya kayan lambu, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, gautar da ke lalacewa cikin kwana uku ta koma yin makonni. A 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex. Amma dubi yadda ya isar da abin ga masu bukatarsa: ya sa aka shirya wasan kwaikwayo, aka ɗauka a bidiyo, aka riƙa shiga ƙauyuka da majigi da janareto, a kafa farin ƙyalle, jama'a su taru su kalla. Mutumin ya san wa yake so ya ji. Abin da nake nema daga masu shirya gasar nan ke nan, su tambayi kansu wa suke so ya ji.

Ga kuma akwatin sola mai ba da haske da ake gani a ɗakunan haihuwa. Dakta Laura Stachel ta zo Zariya daga Amurka a 2008, ta ga ana karɓar haihuwa ana tiyata cikin duhu idan wuta ta ɗauke, ita da mijinta suka haɗa akwatin. A 2013 tashar CNN ta sa ta cikin gwarazanta na shekara, kuma akwatin aka nuna wa duniya da matan da ya haska wa, ba jawabin wani mai muƙami ba. Haka ake tallata gasa, a sa abin da aka ƙera a gaba.

Za a ce babu kuɗi. Kuɗin ɗakin taron otal na dare ɗaya zai biya sanarwar rediyo ta makonni a Kano da Kaduna da Sakkwato. Za a ce Turanci ne harshen aiki. Mai naƙuda ba da Turanci take kiran ungozoma ba. Za a ce an sa a X (Twitter) kuma mutane sun yi ta yaɗawa. Su wa? Masu shirya taron ne da abokansu. Muna da Freedom Radio, muna da Rediyon Tarayya na Kaduna, ga Aminiya, ga Arewa24, ga sashen Hausa na BBC da ke magana da mu tun 1957. A kai wadda ta yi nasara shirin da ake bugo waya kai tsaye, mata su tambaye ta nawa ne, a ina ake samu, ko yana da illa.

Wannan tambaya ta illa ba wasa ba ce a wurinmu. Mun ga abin da ya faru a 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda mutane ba su yarda ba. Sai da sarakuna da malamai da gidajen rediyo da mata masu bi gida-gida suka yi shekaru suna magana da jama'a kafin a kai ga 2020, aka ce ƙasar ta rabu da cutar. Duk sabon abu na lafiya da za a kawo mana, sai an zauna an yi mana bayani da bakinmu kafin ya karɓu.