Haƙori daban, kaifin dutse daban

Wannan labari na Nyayanga a Kenya, inda aka tono duwatsun fawa tare da ƙasusuwan dorinar ruwa masu shekaru kusan miliyan 2.9, ya shiga raina ƙwarai. Na ga wani yana cewa zaki ne ya ci naman, ba da duwatsun aka yanka shi ba. Malam, tambayi kowane mahauci a mayankar Oko-Oba ta Agege. Haƙori huda ƙashi yake, ya bar rami ko gurzuwa mai faɗi. Kaifin dutse kuwa siririn tsagi yake bari, galibi wajen gaɓa, inda ake raba tsoka da ƙashi. Ga kuma ƙasusuwan barewa da aka farfasa don ciro ɓargo. Wannan aikin mai hankali ne, ba shakka.

Abin da ke damuna shi ne namu na gida. An samu gaturan dutse a ramukan kuza na Mai Idon Toro a Filato, kuma a 1965 masanin kayan tarihi Thurstan Shaw ya tono ƙwarangwal ɗin mutumin zamanin da a Iwo Eleru kusa da Akure. Yaranmu na Legas nawa suka taɓa jin wannan? Malaman makarantun Idi-Araba da Agege, don Allah ku riƙa kai su gidan tarihi na Onikan.